Amsa: za a iya sa Angular ya fito a cikin taminal?

Wani ƙanenmu da ke aji huɗu a Samaru ya turo min wannan daren jiya kan Angular, kayan aikin gina manhajar yanar gizo: "Assalamu alaikum yaya. Na koyi Angular lokacin da nake SIWES, yanzu ina so furojet ɗina ya zama in sa shi ya dinga fitowa a taminal, baƙin allon nan, maimakon burauza. Wani abokina ya ce bazai yiwu ba wai Angular na burauza ne kawai. Da gaske ne? In zai yiwu ta ina zan fara, kuma zan iya gamawa a samista ɗaya?"

Wa'alaikumussalam ƙanena. Zai yiwu, na taɓa yi da hannuna, wa wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari a Sabon Gari na yi, kwamfutan shagon tsohuwa ce mai RAM giga 2, in aka buɗe burauza sai ta kama nishi, shi kuma maigidan yana so ko yana Kano ya iya leƙa lissafin kaya ta waya ba tare da data ta ƙare ba. Toh na ji daɗin tambayar nan sosai, zan ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe dan akwai ramukan da na faɗa bana so kai ma ka faɗa.

Abokinka abun da ya saba gani ya faɗa. Amma buɗe package.json ɗinka ka duba, zakaga @angular/core daban, @angular/platform-browser daban, in kana da SSR, wato haɗa shafi tun daga saba, zakaga @angular/platform-server ma. Ba ado bane wannan rabuwar. Shi core ɗin shi ke riƙe da kwamfonen, da rabon sabis, da sa ido kan abun da ya canza, amma in yana so wani abu ya bayyana a gaban mutum ba ya kai hannu da kansa, aike yake yi, ya ce wa wani abu mai suna Renderer2 ƙirƙiro min wannan, ɗora shi ƙarƙashin wancan, canza rubutun can. Kamar injiniya ne da magini, shi dai ya ce a ja katanga daga nan zuwa can, ko da bulon siminti aka yi ko da tubalin ƙasa irin na cikin birni wannan ruwan magini ne. platform-browser magini ne guda ɗaya kawai wanda ya iya DOM, wato bishiyar abubuwan shafi da burauza ke riƙewa. Kai yanzu wani maginin zaka kawo. Tun Angular 4 a 2017 Renderer2 yake nan, kuma ta wannan ƙofar NativeScript yake bi yana fitar da Angular a matsayin manhajar waya. Sauran takwarorin Angular ma haka suke, React ya raba react da react-dom tun 2015, shi yasa React Native ke cin tuwo ɗaya da shi, Vue 3 da ya fito 2020 yana da createRenderer a fili. Har wani Vadim Demedes ya gina Ink wanda ke fitar da React a taminal, kuma manyan kayan aiki irin su Gemini CLI da Claude Code sun yi amfani da shi. Kaga ba sabon daji zaka shiga ba.

Sai dai ga abun da nake so ka riƙe tun yanzu: rubuta rendara ɗin, wato sabon maginin, shi ne ƙaramin aikin. Wallahi a asabar da lahadi ɗaya zaka gama shi. Inda samistan zai tafi shi ne duk hidimar da burauza ke maka kyauta baka taɓa lura ba. Ita ke lissafa inda kowane akwati zai zauna, ita ke auna faɗin rubutu ta naɗe shi in layi ya cika, ita ke zanawa, ita ta san wane fili ne ake rubutu a ciki yanzu in an danna Tab kuma ina za a koma. Ranar da ka cire ta duk wannan ya dawo kanka. Sunan furojet ɗin Angular a taminal, amma ainihin abun da zaka gina ƴar ƙaramar burauza ce.

Dan haka sati biyun farko ka ajiye Angular gefe, kar ma ka sauke shi. Ka fahimci taminal tukuna. Ka ɗauke shi kamar allon dara, gurabe ne a jere, kowane gurbi harafi ɗaya yake ɗauka da launinsa da launin bayansa, shikenan, ba fiksel ba rabin gurbi. Girman da aka gada 80 a kwance 24 a tsaye, gurbi 1,920 kenan, daga na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, ita kuma 80 ɗin asalinta katin huda-huda na IBM ne mai gurbi 80 a kwance. Yadda kake ba shi umarni shi ne ka cusa wasu haruffa na musamman cikin rubutun da kake fitarwa, suna farawa da ESC, wato lamba 27, a JavaScript `\x1b`. In ka rubuta `\x1b[2J` ya share allo, `\x1b[5;10H` ya kai manunin rubutu layi na 5 gurbi na 10, `\x1b[31m` ya koma ja, `\x1b[0m` ya dawo yadda yake. `\x1b[?25l` ya ɓoye manunin, `\x1b[?1049h` kuma ya buɗe maka allo na biyu irin wanda vim da htop ke shiga, in ka fita mutum ya tarar da tsohon rubutunsa ba a taɓa ba. Ƙa'idar ECMA-48 ce ta tattara yawancin waɗannan tun 1976, masu alamar tambaya kuma ƙari ne na DEC da xterm. Ka rubuta ɗan fayil na Node zalla, wato JavaScript da ke gudana ba burauza, da zai zana akwati ɗaya, kana danna kibiya yana yawo, kana danna q yana fita lafiya. In ka iya wannan rabin tsoron ya tafi.

Yanzu bishiyar. Tunda ba DOM, kai zaka ƙirƙiri naka, kuma ba wani abun wahala bane, kowace gaɓa abu ne mai suna, da uwa, da jerin ƴaƴa, da salo, da masu sauraro. Sai ka gaji Renderer2 ka cika ayyukansa: createElement ya haifi gaɓa, createText ya haifi gaɓar rubutu, appendChild da insertBefore da removeChild su gyara jerin ƴaƴa, setValue ya canza rubutu, setProperty da setStyle su ajiye abun da aka ba su, listen ya rubuta sunan mai sauraro ya dawo da aikin da zai goge shi. Kusan duk layi biyu-uku ne. Amma akwai wuri biyu da mutane ke karyewa. Na farko createComment. Zakace me zan yi da kwament a taminal, bari in dawo da null. Kar ka soma. Angular da kwament yake kafa turke, duk inda ka sa ngIf ko ngFor ko sabon @if ɗin nan, kwament yake dasawa a wurin dan ya san inda zai mayar da abun in sharaɗi ya cika, ya tambayi parentNode, ya kira insertBefore a gaban turken. In babu turken sai kaga jerin kaya ya fito ƙasan allo ko ya ɓace gaba ɗaya kuma ba wani kuskure da zai nuna maka. Ka sa shi a bishiya kamar kowa, wajen zane ne kawai zaka tsallake shi. Na biyu, in aka ce ka ɗora gaɓar da dama tana da uwa, sai ka fara cire ta daga tsohon wurin, haka DOM ke yi a shiru kuma Angular ya dogara da hakan lokacin da yake sake jera layuka. Ni na manta wannan, ranar da aka ce a jera kaya bisa farashi sai ga buhun sukari ya fito sau biyu a allo, na kwana ina zargin rumbun bayanai alhali layi ɗaya ne ya rage a insertBefore.

Shi filatfom ɗin kansa, createPlatformFactory zaka kira ka ɗora kan platformCore ka ba shi suna, sai ka yi modul ɗinka da zai maye gurbin BrowserModule, ya fitar da ApplicationModule, ya ba da RendererFactory2 naka da ErrorHandler da wani ɗan abu na bogi a madadin DOCUMENT. Shawarata ka buɗe sos ɗin BrowserModule a GitHub ka ga jerin abun da yake bayarwa ka bi ɗaya-ɗaya, a nan zakaga wani ɵINJECTOR_SCOPE da aka ba root, in baka kwafo shi ba duk sabis ɗin da ka rubuta da providedIn root bazai samu ba. Wannan alamar ɵ ɗin tana nufin kayan cikin gida ne, ba su yi maka alkawarin bazai canza ba, saboda haka ka zaɓi siga ɗaya ta Angular ka ƙulle ta a package.json har ka gama difens, kar wani ya ruɗe ka da sabuntawa ana saura sati biyu. Sannan ka shigo da zone.js/node, mai sanar da Angular an yi wani motsi, ba na burauza ba, ka shigo da @angular/compiler a saman fayil dan ya dinga fassara tamfilet a take, ka rubuta tamfilet ɗin a cikin kwamfonen, ka sa NO_ERRORS_SCHEMA dan kar ya yi ƙorafin bai san wani tag mai suna box ba.

Yaushe zaka zana? Ba duk lokacin da aka kira appendChild ba, in ka yi haka allo ɗaya sai ka zana shi sau ɗari. RendererFactory2 yana da begin da end, Angular na kiran end in ya gama zagayen duba canji, toh a nan zaka ɗaga tuta cewa akwai aiki, ka bar setImmediate ya yi zanen sau ɗaya. A React wurin nan resetAfterCommit ne, in ka taɓa leƙa cikin Ink zaka gane shi.

Maganar inda kowane akwati zai zauna, dan Allah kar ka ce zaka rubuta CSS da kanka. Akwai Yoga, injin flexbox, wato tsarin jera akwatuna na CSS, da Facebook suka saki a 2016 saboda React Native, shi Ink ke amfani da shi, ana samunsa a npm da sunan yoga-layout. Duk gaɓar da ake gani ka haɗa mata tagwai a Yoga, ka ba uwar bishiya faɗin process.stdout.columns da tsayin rows, ka kira calculateLayout, ya dawo maka da hagu, sama, faɗi, tsayi na kowa. Lambobin da ya bayar daga uwar gaɓa ake auna su ba daga kusurwar allo ba, sai ka dinga tarawa kana sauka. Shi a tsaye yake jera ƴaƴa in baka ce komai ba, saɓanin flex na burauza da ke jerawa a kwance. Gaɓar rubutu kuma kai zaka gaya masa girmanta ta setMeasureFunc, ya ce maka ga faɗin da nake da shi, kai ka naɗe rubutun ka ce layi kaza zai ci, in rubutun ya canza ka kira markDirty in ba haka ba tsohon awo zai riƙe. In Angular ya rushe gaɓa ka saki tagwan da free, tunda ƙwaƙwalwarsa ba ta hannun mai sharar JavaScript, a tsohuwar kwamfuta da ke kunne tun safe har isha'i wannan yoyon sai ya nuna. Kuma ka tuna gurbi tsayinsa ya kusa ninka faɗinsa, tazarar 1 a sama ta fi tazarar 1 a gefe girma a ido, ni gefe nake sa 2 sama 1 ko ma 0.

Zane. A nan ne furojet ɗinka zai bambanta da na wanda ya kwafo a intanet. Hanya mai sauƙi ita ce ka share allo ka sake rubuta komai duk lokacin da abu ya canza, yana aiki, amma allon zai dinga ƙifta ido, kuma yi lissafi, gurbi 1,920 ko ba launi bayit 1,920 ne, in kana da ɗan abu mai juyawa da ke sa ka zana sau 30 a sakan ɗaya bayit 57,600 kenan, a awa ɗaya ya haura mega 200. Mutumin da ya shigo ta SSH, wato shiga kwamfuta daga nesa, da manhajar taminal ta Termux a wayarsa daga Giwa ko Soba da sanda ɗaya ta netwok bazai yafe maka ba. Abun yi shi ne allo biyu a ƙwaƙwalwa, ɗaya abun da ke gaban mutum yanzu, ɗaya abun da kake so ya koma. Ka bi bishiya ka cika sabon gurbi-gurbi, uwa kafin ƴaƴa dan ɗa ya hau kan uwarsa, kana yanke duk abun da ya tsallake iyakar akwatinsa, sai ka gwada su biyun, inda suka saɓa kawai zaka aika, ka tsallaka da manuni ka rubuta, kar ka sake aika launi in bai canza daga gurbin baya ba. Sai ka tara duka a zare ɗaya ka yi write sau ɗaya. Farashin katan ɗin taliya ya canza, bayit ashirin da wani abu sun isa. Wannan dabarar ba tamu bace, laburaren curses da Ken Arnold ya rubuta a Berkeley tun ƙarshen shekarun 1970 haka yake yi dan layukan lokacin ba su da gudu, mu kuma ga shi har yau muna da dalilin da ya sa suka yi. In aka ja girman taga, stdout zai ba ka resize, ka zubar da tsohon allon ka sake komai daga farko.

Toh ga inda nake so ka zauna sosai, dan mu ya fi shafa, kuma yawancin masu rubuta irin waɗannan laburaren da Turanci kawai suke gwadawa: awon rubutu. Abu uku ne daban-daban da mutane ke haɗawa, yawan bayit, da abun da length ke ba ka, da yawan gurbin da harafi ke ci a allo. A Turanci duka ukun ɗaya ne shi yasa ba a lura. Harafin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne bayit 2 ne a UTF-8, length 1, gurbi 1. Alamar ₦ bayit 3 ce, gurbi 1. Imoji irin na murmushi length 2, gurbi 2. Tutar Najeriya length ɗinta 4. Wasalin Larabci da na Ajami, fatha da kasra da su, ana ƙirga su a length amma gurbinsu sifili ne, kan harafin baya suke hawa, haka alamomin karin sauti da ƴan sashen Hausa ke ɗorawa kan wasali a ƙamus. Ka ga in ka yi padEnd dan teburi ya daidaita, layin da ke da irin waɗannan sai katangarsa ta karkace, in kuma ka yanke suna da slice zaka iya raba imoji gida biyu ya zama shara. Maganin shi ne ka fasa rubutu da Intl.Segmenter wanda ke cikin Node, shi ke ba ka abun da ido ke gani a matsayin harafi ɗaya, ka auna kowanne da string-width na Sindre Sorhus, in ya ci gurbi 2 ka sa wa gurbi na biyun alamar an riga an kama dan kar mai gwada allon ya rubuta wani abu a kai. Wajen karɓar rubutu ma akwai tarko, in netwok ya yi tsami ƙ ɗin na iya zuwa bayit ɗaya a wannan ƙunshin ɗayan a na gaba, in kana toString a kan kowane ƙunshi sai sunan Ɗanlami ko Ƙaura ya shiga rumbu da alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. Ka yi setEncoding utf8 a kan stdin, shi zai jira sauran. Ajami kuwa, gaskiya ka cire shi daga alkawarin furojet, rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffa kowane taminal da nasa halin, Konsole da mlterm da GNOME Terminal suna ƙoƙari, wasu da yawa baibai suke nunawa, in kai ka juya shi kuma ya sake juyawa an koma gidan jiya. Ka rubuta shi a babi na biyar a matsayin aikin gaba, ni kaina ina fatan wani cikinku ya ɗauke shi a masta, dan muna buƙata.

Kibod kuma wata duniya ce. Sai ka kira setRawMode ka ba shi true kafin ka dinga samun kowane dannawa a take, in ba haka ba sai an buga Enter. Da zarar ka yi, Ctrl+C ya daina kashe shirin, zuwa yake a matsayin bayit 3, kai zaka kula da shi. Kibiyar sama haruffa uku ce, ESC da [ da A, shi kuma maɓallin Esc ESC ne shi kaɗai, toh in ESC ya iso baka sani ba ko mutum ya danna Esc ne ko kan kibiya ne jelar na hanya, dole ka ɗan jira, ncurses har sakan guda yake jira in ba a canza ESCDELAY ba, ni milisakan 50 nake sa wa a kan kwamfuta, in ta SSH ne in ƙara. Tab da Ctrl+I abu ɗaya ne lamba 9, Enter da Ctrl+M lamba 13, kuma taminal na gargajiya ba ya gaya maka an saki maɓalli. Shift da Tab `\x1b[Z` ne. Modul ɗin readline na Node yana da emitKeypressEvents, ka fara da shi ya rage maka aiki. Sai ka riƙe gaɓa ɗaya a matsayin wadda ake kanta, Tab ya matsa gaba cikin jerin masu karɓar rubutu, dannawa ta je mata, in bata kula ba ta haura wurin uwa. Ka tabbata kana kiran masu sauraro a cikin NgZone.run, in ba haka ba lamba za ta canza a ciki allo yana nan jiya i yau. Tun Angular 18 a 2024 an fara buɗe hanyar aiki ba zone, in da signal kake rubutu ka duba ta.

Ga wani abu da ya faranta min rai ranar da na gano shi. In ka sa wa filin rubutunka suna input, ka girmama setProperty na value, kuma duk harafin da aka shigar ka tayar da aukuwa mai suna input ɗauke da target mai value a ciki, ngModel da formControlName za su kama aiki kai tsaye ba ka taɓa komai a @angular/forms ba, har da su Validators. Wannan ka nuna wa sufabaiza, shi ne hujjar cewa filatfom ka gina na gaske. HttpClient ma zai yi in ka sa withFetch tunda Node 18 zuwa sama na da fetch. Router yana neman PlatformLocation, ka rubuta na bogi mai riƙe adireshi a ƙwaƙwalwa. Angular Material kuwa ka manta da shi, jikinsa duk DOM ne da CSS.

Kar ka raina fita. Ka karɓi aron allon mutum, ka ɓoye masa manuni, ka kashe masa Ctrl+C, dole ka mayar da komai ko ta wace ƙofa ka fita, lafiya ko faɗuwa. A shagon nan akwai ranar da shirin ya faɗi saboda wani layi mara farashi, ya bar taminal ɗin a haka, yaron shago yana dannawa ba ya ganin abun da yake rubutawa, ya tsorata ya zaci bairos ne ya zare soket, cinikin da ba a adana ba ya tafi, kuma laifina ne ba nasa ba, na daɗe ina jin abun. Ka rubuta aiki ɗaya na gyara, ya aika `\x1b[0m` da `\x1b[?25h` da `\x1b[?1049l` ya kashe setRawMode, ka ɗaura shi a exit da SIGTERM da SIGHUP da uncaughtException da ErrorHandler ɗinka, kuma sai bayan ya gama ka buga saƙon kuskuren, in ka buga a allo na biyu zai tafi tare da shi ba wanda ya gani. Lokacin gwaji in ya rikice ka buga reset ko stty sane ko baka ganin rubutun. Haka console.log, kar ka kuskura, tsakiyar zanenka zai faɗo, kuma allon da ke ƙwaƙwalwa bai san an taɓa ba, ka tura log zuwa fayil ka buɗe wata taga da tail -f. Ka kuma duba isTTY, in an karkatar da fitarwar zuwa fayil kar ka cika shi da ESC.

Batun samista ɗaya, zai ishe ka in ka taƙaita. Akwati, rubutu, filin shigarwa, maɓalli, jeri mai gungurawa, guda biyar ɗin nan kawai, da manhaja ɗaya ta gaske a kai, ko rajistar ɗalibai ko lissafin shago. Maus ka barshi sai in lokaci ya rage. Akwai wani laburare blessed da zakaga ana ɗora Angular da React a kansa a tsofaffin darussa, yana kawo komai a shirye, amma an daɗe ba a kula da shi, kuma zai haɗiye daidai wuraren da ya kamata a ce kai ka yi, a difens in aka tambaye ka yadda ake zanen ba abun faɗa. In da kasuwanci kawai kake so ka biya wa buƙata da sai in ce ɗauki Ink ko Textual na Python ko Bubble Tea na Go ka huta, amma kai ilimin kake nema.

Abu ɗaya da zai taimake ka a babi na huɗu, tunda allonka jerin gurabe ne a ƙwaƙwalwa, ka yi aikin da zai mayar da shi rubutu zalla, sai gwajinka ya zama ka tayar da kwamfonen a allon bogi mai 40 da 10, ka cusa masa dannawa, ka gwada abun da ya fito da abun da kake tsammani, ba sai da taminal na gaske ba. Ka kuma auna bayit nawa ke fita in ka share ka sake zanawa da in ka aika bambanci kawai, ka sa teburin a rahoto, lambobinka ne na kanka. Kuma ka gwada a wuri uku aƙalla, taminal na Linux, Windows Terminal, da Termux a waya inda faɗin allon ƙarami ne sosai, a nan ne naɗe rubutu ke tona asiri. Ka fara da ɗan akwatin nan mai yawo da kibiya a satin nan, in ya yi ka turo min kod ɗin in duba maka yadda yake fita, in kuma ka shigo gari ranar asabar bayan la'asar ina wajen PZ, ka taho da laftof ɗin.